Hannun da Ke Riƙe da Kulki

Ranar Talata

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki? Kina dai shan maganin, ko kin koma halinki na ɗora shi a kan firji kina kallo? Mu nan lafiya lau. Jinin Baba ya sauka, sai dai rigimar gishiri da muke yi da shi kullum.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga wadda take kiranki duk mako. Maganar ce ba ta waya ba. Kin san bangon ɗakina da na Baba ɗaya ne, kuma kunnen nan nasa da yake cewa ya mutu, da an rage murya yake farfaɗowa.

Bana ake cika shekara hamsin da Tattakin Zawarawa. Kin tuna da shi tun muna makaranta: bayan yaƙin basasa, matan da mazansu suka mutu a ɓangaren da aka ci da yaƙi suka fito a ƙafa, suna neman a mayar musu da gidajensu, a kuma sa su a rajistar zaɓe kamar kowa. 'Yan sanda suka tare su a kan gada. Shekara goma sha shida ke nan ina koyar da wannan darasi ga 'yan aji biyar. A littafinmu akwai wani ɗan hoto dishi-dishi: mace a durƙushe, takalminta ɗaya ya fita, a samanta hannu riƙe da kulki. Hannun kawai ake gani, masu buga littafin sun yanke sauran. Kullum nakan ce wa yara su dubi hannun nan da kyau, na mutum ne, yana da uwa, ya karya kumallo kafin ya fito.

Saboda taron bana, Shugaban makarantarmu ya roƙi gidan adana tarihi su ba mu manyan hotuna na asali. Jiya aka kawo su a naɗe. Ni kaɗai ce a ofishin malamai, na shimfiɗa na kan gadar a tebur, na danne kusurwoyinsa da kwalin alli da kofunan shayi. Ba a yanke wannan ba. Yaya, mai hannun yana da fuska. Yaro ne matashi, girarsa ta dama a tsage, kunnensa ɗaya ya ɗan fi ɗaya buɗewa.

Na ce wa kaina kama ce. Na kwafi lambar da ke ƙirjinsa a tafin hannuna, na gama darussan ranar ban san abin da na koyar ba. Da na dawo gida na buɗe akwatin Mama, Allah ya jiƙanta, na ciro hoton aurensu wanda Baba yake sanye da kaki. Lamba ɗaya ce.

Mu da aka raine mu a kan cewa Baba mai ba da hannu ne a titi, bai taɓa riƙe abin da ya fi usur ba, har ya gaji ya koma gyaran agogo.

Matar da ke durƙushe tana da rai. Iya Mai Ɗinki ce, wadda nake ba ki labari, mai zuwa duk shekara ta yi wa ɗalibaina magana. Saura mako uku ta zo. Kuma 'yar tawa, Lauya, bana take aji biyar, a layin gaba take zama. Ɗazu ina kallonsu ita da kakanta suna musu a kan ƙwallo, yana kiranta da sunan nan da ya laƙaba mata, tana dariya tana dukan kafaɗarsa.

Ki gaya mini abin da zan yi. Ki rubuto, kada ki kira. Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Ranar Laraba ta mako na biyu

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi. Takardarki ta iso jiya, na karanta ta sau uku a bayan ɗakin karatu.

Ba ki tambaye ni ko na tabbata ba. Ba ki ce ƙila kama ce ba. Cewa kika yi in naɗe hoton in mayar, in bar tsoho ya mutu da mutuncinsa. A nan na gane kin sani. Tun yaushe, Yaya? Mama ce ta faɗa miki? Sau nawa na zauna a gabanki ina ba ki labarin Iya Mai Ɗinki, ina kwaikwayon muryarta, kina cewa Allah sarki? Ba faɗa nake yi ba, wallahi. Na san ke ce babba, an ɗora miki kaya tun kina yarinya an ce ki yi shiru. Amma abin ya yi mini ciwo.

Na gwada shawararki. Na sami Shugaba a ofis na ce hoton ya yi wa yara tsanani, a yi amfani da na littafi. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "Malama, ke da kika shekara biyar kina damuna a samo na asali?" Da na ga ba mafita sai na faɗa masa gaskiya. Mutumin kirki ne, ya tashi ya rufe ƙofa da kansa. Ya ce ba wanda zai gane, yaron hoton da tsohon da ke gidanmu ba su haɗa komai ba. In kuma raina bai kwanta ba, in naɗe gefen hoton ta baya kafin a kafe shi, shi bai gani ba, bai ji ba.

Na koma ofishin malamai na ɗauki almakashi. Na riƙe shi, Yaya, har na auna inda zan bi. Ƙararrawa ce ta buga, malamin lissafi ya shigo neman alli, na ajiye. Ban san abin da zan yi ba da bai shigo ba.

Ga wata kuma. 'Yan aji sun zaɓi Lauya ta karanta bayanin hoton a ranar taro. Ta rubuta shi da kanta daga ɗan hoton littafi, tana bitarsa a tsakar gida da ƙarfi. Akwai inda ta ce, "Har yau ba a san ko wane ne mai hannun nan ba, kuma ba a taɓa tambayarsa ba." Baba yana zaune a kujerarsa ta bakin ƙofa yana ji. Agogon hannunsa kawai yake ta murza wa kai.

Maigidana ya lura na rame, ya ɗauka aiki ne. Shi ma ban faɗa masa ba tukuna. In na miƙa wa Baba kofin shayi, hannunsa nake kallo. Hannun da ya ɗaura mana igiyar takalmi, ya riƙe Mama a asibiti.

Zan tambaye shi. Na san za ki ce jininsa, ni ma shi nake tsoro. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Auta

Ranar Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ki kwantar da hankalinki tun daga farko: jikin Baba lafiya, na gwada jininsa sau biyu yau.

Da hantsi maigidana ya fita da yara, gida ya rage daga ni sai shi. Na shiga ɗakinsa da hoton, na shimfiɗa a kan tebirin da yake ajiye tsofaffin kayan aikinsa. Na shirya magana tun jiya, duk ta gudu. Ya dubi hoton daga nesa, sai ya jawo aljihun tebur ya ɗauko ɗan gilashin nan da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo. Ya sunkuya. Ba fuskarsa ya duba ba, matar ya duba. Ya daɗe.

Ya ce, "Ni ne."

Na ce, "Baba, ƙila sa ku aka yi."

Ya ce yana da shekara ashirin da biyu, wata shida da sa kaki. Wansa, wanda ba mu san shi ba sai a hoto, an kashe shi a watan ƙarshe na yaƙin, ba a kawo ko hularsa ba. Ran nan tun safe aka jera su a kan gada cikin rana. Matan suka iso suna waƙa. Babbansu ya ce a watsa su.

"Dukan farko umarni ne," in ji shi. "Na biyun ba wanda ya sa ni. Ta riga ta faɗi."

Ya ce ƙarar da ya ji a karo na biyun ita ta fitar da shi daga aikin kafin shekara ta zagayo. Mama ya faɗa wa, ita kaɗai, ita ta ƙirƙiro zancen ba da hannu saboda mu. Sannan ya faɗi abin da ya fi tsaya mini a rai. Wata rana, ina goye a lokacin, matar ta zo rumfarsa ta bakin tasha da agogon mijinta. Ya gane ta nan take, ita ba ta gane shi ba. Ya gyara, ta yi godiya, har da sa masa albarka. Na ce me ya hana shi magana. Ya ce, "Tsoro, Auta. Ba wani abu ba."

Ban yi kuka ba, shi ma bai yi ba. Ina naɗe hoton ya riƙe gefen zanena, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ni da ke mun girma, mu yi masa kallon da muka ga dama. Amma don girman Allah kada Lauya ta sani. Ya ce ita kaɗai ce ta rage da take shiga ɗakinsa ba don ta ba shi magani ba.

Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Na fito na tsaya a kicin ina wanke kwanon da na riga na wanke.

Saura kwana goma. In na yi shiru, 'yata za ta tsaya gaban makaranta ta ce ba a san mai hannun ba, ni ina tsaye a gefe na sani, Iya tana zaune tana gyaɗa kai. In na yi magana na karya tsoho. Duk inda na juya wani nake cuta.

Ki gaishe mini da yara.

Auta

Ranar Alhamis

Yayata ta kaina,

Bayan gaisuwa. Na ga saƙonki, na kuma gode da kika faɗa mini gaskiya cewa a gadon asibiti Mama ta gaya miki. Na yafe, ke ma ki yafe mini zafin wancan rubutun. Amma abin da kika hana ni na riga na yi.

Shekaranjiya bayan an tashi na tafi shagon Iya Mai Ɗinki. Ɗan ƙaramin shago ne a bayan kantin magani, keke biyu da tebirin yanka wanda aka gajarce wa ƙafafu, saboda hannunta na hagu ba ya wuce kafaɗa. Kunnenta na wannan gefen ma ba ya ji. Na daɗe da sanin dalili, amma ran nan ne na zauna na dube su sosai. Ta yi murna da ganina, ta kawar da ƙyallaye daga benci, ta ce in zauna ta damanta.

Na nuna mata hoton. Ta ce ashe haka yake, yaro ne ma. Na ce, "Iya, mahaifina ne." Ta ce in maimaita, ta ɗauka kunnen ne. Na maimaita.

Ta kashe keken. Ta tambaye ni yana da rai, na ce e. Yana cin abinci, yana tafiya da ƙafarsa, ya ga jikoki? Na ce e. Na gaya mata zancen agogon, don na ga bai kamata in rage komai ba. Ta ce, "Mai rumfar bakin tasha? Mai fara'ar nan?" Sai ta yi wata dariya da ba na fatan in sake jin irinta.

Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga mini hannu. Ta ce ba ni na dake ta ba, kada in ɗauki abin da ba nawa ba. Na ce ko tana so ya zo. Ta ce, "Kada ya zo. Ba na son ganinsa, 'yar nan, kuma kada ki je ki ce masa na yafe, ban ce ba." Na ce to taron fa? Ta ce shekara nawa tana zuwa, don me za ta fasa bana? Abin da zan faɗa wa ɗalibaina kuwa, ni na san ajina. Ta kunna keken ta ci gaba da ɗinki, na fito.

Na faɗa wa maigidana. Ya ce yarinyar ta ji daga bakina ya fi ta ji a bakin ƙawaye. Jiya da safe na shiga na gaya wa Baba zan faɗa mata. Ya juya fuskarsa bango.

A hanyar dawowa daga makaranta na faɗa mata, muna tafe a ƙafa, don ba zan iya ina kallon idonta ba. Ta tsaya cak a gaban shagon mai faci. Kin san ta da tambaya. "Sau nawa?" Na ce biyu. "An hukunta shi?" Na ce a'a. "Ya taɓa zuwa wurinta?" Na ce a'a. Da muka shigo Baba ya ce, "Lauya, an dawo?" Ta wuce shi kamar kujerar ce kawai a wurin.

Yau bai ci komai ba sai shayi. Ina tsoro, Yaya. In wani abu ya same shi a makon nan, na san abin da za ki ce, kuma ba zan iya musa miki ba.

Ƙanwarki,
Auta

Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya ke da mutanen gidan. Na ji daɗi da kika ce za ki zo ƙarshen wata, Allah ya kawo ki lafiya. Ga yadda aka yi.

An yi taron ranar Talata a babban ɗakin makaranta, ɗalibai da malamai da wasu iyaye. An kafe hoton cikakke, ban naɗe komai ba. Iya ta zo da fararen kayanta, ta zauna, ta ba da labarin gadar kamar kullum, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Aka kira Lauya. Ta karanta bayaninta, da ta zo wajen da ta rubuta cewa ba a san mai hannun ba, sai ta tsallake layin, ta naɗe takardar ta koma ta zauna.

Sai ni. Na tashi na tsaya kusa da hoton. Na ce shekara da shekaru ina gaya musu hannun nan na mutum ne. Bana na san mutumin. Mahaifina ne, yana gidana, ni nake ba shi magani. Na faɗi shekarunsa a lokacin, na faɗi zancen wansa, na kuma faɗi cewa sau biyu ne, na biyun ba wanda ya sa shi, don shi da bakinsa ya ce haka.

Wata yarinya daga baya, wadda ba ta cika magana a aji ba, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malama, har yanzu kina sonsa?" Iya tana zaune taku uku daga inda nake. Na ce e, ina sonsa. Na ce abin da ya yi zalunci ne, kuma ubana ne, ban san yadda ake haɗa su ba tukuna. Ban dubi wajen Iya ba.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wani uba ya sami Shugaba ya ce 'yar irin wannan mutum ba ta cancanci koyar da darasin ba. Wata malama da muke cin abinci tare ta koma wani tebur. Amma yara uku sun same ni a ɓoye, kowanne ya ce kakansa ma ya sa kaki a lokacin, kuma ba a zancen a gidansu.

Da Iya za ta tafi na raka ta bakin ƙofa. Ba ta ce na kyauta ba. Ta ce in turo mata 'yar tawa. Jiya Lauya ta je, ta daɗe. Da ta dawo na tambaye ta, ta ce Iya ta ce ita ta faɗi nata har ta gaji, na ɗaya ɓangaren ne ba wanda ya taɓa rubutawa, kuma masu shi suna ƙarewa.

Kwana goma sha ɗaya ke nan ba ta yi wa kakanta magana ba. Ya faɗa sosai, Yaya, ki shirya ganinsa. Duk la'asar yana kujerar bakin ƙofa, in ta wuce ya bi ta da ido.

Ɗazu bayan azahar ta fito da sabon littafin rubutu da biro biyu. Ta tsaya a gabansa, ba ta gaishe shi ba. Ta ce, "Kaka, zan yi maka tambayoyi, zan rubuta, kuma ba za ka tsallake ko ɗaya ba." Ya ɗago ya dube ta. Ya ce, "To." Ya dafa bango ya tashi, ta bar shi ya tashi da kansa, suka shiga ɗakinsa ta turo ƙofa.

Awa biyu ke nan. Ina zaune a tebirin kicin ina rubuta miki, na'urar gwada jini tana kusa da hannuna. Ina jin muryarta, ina jin tasa, ba na jin abin da suke cewa, kuma na hana kaina matsawa kusa da bangon. Sau ɗaya aka yi shiru mai tsawo har na miƙe, sai na ji ya ci gaba. Lokacin maganinsa ya wuce da rabin awa. Zan ba su minti goma, sannan in ƙwanƙwasa.

Ki gaishe da maigidanki da yara. Ki zo da wuri in da hali.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta